Labulen Mama da Gwiwar Yaya Brenton

Uwata, Raelene Kuchel, direbar motar 'yan makaranta ce a Tarrabin, amma in ka tambayi mutanen garin aikinta ba wanda zai ce maka haka. Cewa za su yi, "Au, mai labule?" Ita ce ke haɗa ƙaton labulen takardar nan da 'yan ƙwallonmu ke ratsawa a guje kafin a fara babban wasa, wasan ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake kamawa da hannu ana dokawa tsakanin dogayen sanduna. Tun kafin a haife ni take yi. Ni dai na buɗe ido na ga falonmu ba wurin taka ƙafa, takarda ja da fara shimfiɗe daga ƙofa har kicin, ita kuma tana rarrafe a kai da salatif a baki, tana cewa mai jin ƙishirwa ya bi ta taga.

Labulenta na farko babana ta yi wa, tun suna saurayi da budurwa, lokacin yana buga wa Zakarun Tarrabin. An ce rubutun ya karkace har sai ka kwantar da kai kafin ka karanta. Ya dai ratsa, kuma ya aure ta. Ya rasu ina firamare, zuciya ce ta buga masa a kan tarakta. Matan gari suka ce to, yanzu Raelene sai ta huta. Hutu kuma? Ko wata ba a yi da binne shi ba tana rumfar aske tumaki da almakashi tana yanka takardar labule. Mama ba ta kuka a gaban mutane, ba ta rungumar kowa, ba ta taɓa kallona ta ce 'yata ina son ki ba. In tana son ka, sai ta yanka sunanka da takarda, kowane harafi tsawon mutum, ta ɗaga a gaban gari kowa ya gani. Ni har yau ba ta yanka nawa ba, amma mu bar wannan.

Abu ɗaya ne ya taɓa mata kai. Wata shekara, ina yarinya, muka kai wasan ƙarshe da Wirralee, garin da ke gaba da mu, waɗanda ko gaisuwarsu ba ma so. Iskar arewa ta taso, labulen Mama ya yage daga sama har ƙasa tun 'yan wasa ba su fito daga ɗaki ba. Suka fito a guje suka ratsa tsakanin sanduna biyu ba komai, kamar wawaye. Gwenda Rohrlach, wadda ke yi wa Wirralee nasu labulen, ta leƙo ta tagar motarta ta ce, "Raelene, in salatif ne ya ƙare miki ai da kin aiko, muna da saura!" Mun sha kashi ranar, amma Mama ba kashin ta riƙe ba. Tun daga nan, kowace shekara salatif sai ƙaruwa yake. Mai kantin garinmu da ya hango motarta sai ya fara sauke katan.

To ga yayana Brenton, ɗan farinta, shekara talatin da shida, ƙato kamar firji, kan kuma kamar firjin da aka cire wa wuta. Wasa ɗari da casa'in da tara ya buga wa Zakaru. Saura ɗaya ya cika ɗari biyu, a rubuta sunansa a allon ɗakin kulob kusa da na Baba. Sai rago ya gama da shi. E, rago. Ba a fili ba, ba wani ɗan Wirralee ba. Yana kora tumaki a garke, wani rago ya zo a guje ya daki gwiwarsa ta gefe, jijiya ta tsinke. Aka kai shi birnin Adelaide aka yi tiyata, ya yi shekara cur yana ɗingishi yana zagin kowa har da karen gidan.

Likita ya gaya masa a gabana: gwiwar nan in ta sake tsinkewa, ba ƙwallo ba, hawa tarakta ma sai an ɗaga shi. Gonar alkama da tumakin da Baba ya bari duk a wuyansa suke, ga mata ga yara biyu. Mama ta roƙe shi, ta zage shi, ta daina yi masa magana, ta dawo ta sake zaginsa.

Ya ce, "Mama, wasa ɗaya. Na cika ɗari biyu, na rataye takalmi, na rantse da kabarin Baba. Amma in ban cika ba, ko zan kai shekara hamsin sai na cika."

Abin da ya rage wa Mama ke nan a duniya: ɗanta ya shiga fili sau ɗaya, ya fito da gwiwarsa lafiya, a rufe maganar.

Ni kuma ina ruwana? To ni ce mai ɗaure wa 'yan wasa bandeji da shafa musu man zafi. Na bar makaranta da wuri, ina sayar da fetur a gidan mai, kulob ya tura ni wani ɗan kwas, na dawo kowa na kirana likita. Duk wani ƙaton da ke jin ciwo a garin nan sai ya kwanta min a benci yana nishi, ƙafa na wari.

Ranar Alhamis kafin wasan farko na kakar wasannin bana, aka taru a ɗakin kulob kamar kullum, ana cin soyayyen nama da dankali, ana jiran a ji waɗanda za su buga. Kocinmu Kawu Gav Nitschke, ba kawuna na jini ba ne, abokin Baba ne, ya hau kujera ya gyara murya.

"Jama'a, bana kofi namu ne."

"Bara ma haka ka ce!" in ji wani daga baya.

"Bara ba mu da Declan."

Declan sabon malamin firamare ne da aka turo mana daga birni, dogo har sai ya sunkuya a ƙofa. Ba wanda ya tambaya ko ya iya koyarwa. Aka ba shi gida, aka cika masa firji da naman rago, tsofaffin mata na tare shi a hanya suna lallatsa masa hannu kamar za su saya.

Na ce, "Kawu, da wa za ka ci kofin? Ɗaya ya faɗo daga tsanin rumbun alkama, ɗaya saniya ta tattake shi, tagwayen Schulz cinyoyinsu sun ja tun a atisaye, babban mai tsaron bayanka kuwa basir ya hana shi zama."

"Ke Tahlia! Sirrin marar lafiya fa!"

"Wane sirri? Shi da bakinsa ya gaya wa duk wanda ya zo shan mai."

Ɗaki ya ɗauki dariya, mai basir ya jefe ni da dankali. Kawu Gav ya ce duk da haka, Declan a tsakiya yana tsalle, Brenton a gaba yana zurawa, wa zai tare mu? Sai Mama ta leƙo daga kicin da kumfa a hannu.

"Zango ɗaya cikin zanguna huɗun wasan, Gav. Ka bar min ɗa ya wuce zango ɗaya, duk miyar da za ka ƙara sha a ɗakin nan ka fara ba karenka ya ɗanɗana."

Kawu Gav ya sauko daga kujera.

Juma'a da yamma ta kira ni rumfar aske tumaki in taya ta naɗe labulen. Ban taɓa ganin mai girmansa ba. Ja da fari, sunan Brenton da ɗari biyu, ga zakaran da ta zana ya fi kama da agwagwa mai mura. Rediyo ya riga ya ce gobe akwai iska. Kuma da Wirralee za mu buga, wato Gwenda na nan tafe.

Da na ɗaga bayan labulen sai na tsaya. Salatif a tsaye, salatif a kwance, kuma ba ɗan siririn nan ba, mai kaurin da ake ɗaure bututu da shi. Ƙarƙashinsa raga ce shimfiɗe daga sanda zuwa sanda, baƙar ragar da take rufa wa itacen ɓaurenta saboda tsuntsaye.

"Mama, meye wannan?"

"Ƙarfi."

"Ina tsagar?" Kowane labule ana ɗan tsaga shi a tsakiya, a liƙe sama-sama, don na gaba ya sami inda zai fasa.

"Ta tsaga iska ke kamawa. Ba zan tsaga ba."

"To ta ina za su wuce? Su haƙa rami?"

"Ƙatti ashirin a guje? Takarda ce fa, 'yar nan. Yayanki ya taɓa fasa ƙofar banɗaki da kafaɗa."

"Ƙofar banɗaki ba ta da raga!"

"Riƙe min nan ki rufe min baki. An tura ki koyon naɗa bandeji kin dawo injiniya."

Na riƙe. Na saci almakashinta na sa a aljihu, da niyyar in tsaga da safe kafin ta tashi. Ai kamar ta sani. Ta kulle labulen a bayan a-kori-kura, ta sa makulli a cikin riga ta kwana da shi.

Ranar Asabar motoci sun kewaye fili, kowace hanci a shinge, mutane a ciki da bargo da miyar kabewa a kofi, suna jiran a ci ƙwallo su danna hon. Iska kuwa kamar za ta ɗauke rumfar masu gasa naman sosej. A ɗaki na naɗe wa Brenton gwiwa, bandeji kan bandeji, har ta koma kamar turmi.

"Yaya, kada ka yi tsalle, kada ka juya da sauri, kada ka bi kowa."

"To me zan yi?"

"Ka tsaya ƙiƙam, yadda kake tsayawa in matarka ta ce a wanke kwano."

"Da ban yi alkawari ba da na shaƙe ki."

Labulen Wirralee tun ana ɗagawa iska ta raba shi biyu, rabi ya tafi gonar wani. Mama ta taka a hankali har gaban motar Gwenda, ta ajiye mata salatif guda a kan bonet, ta juyo. Na rantse ban taɓa ganin uwata na tafiya irin wannan ba, kamar amarya.

Sai aka ɗaga namu, maza huɗu a kowace sanda, wasu na jan igiya. Ya tsaya cak kamar bangon siminti. Iska ta buga, ta buga, ko motsi. Gari ya ɗauki hon.

Zakaru suka fito. Brenton a gaba, ya sunkuyar da kafaɗa yadda aka saba, Declan a bayansa, sauran na biye. Ƙarar da na ji kamar an maka wa katifa taɓarya. Labulen ya lotsa, ya lotsa, sannan ya dawo da shi. Ko ɗan yagewa bai yi ba. Brenton ya koma da baya ya faɗa kan Declan, na baya suka zo suka zube a kansu, sanduna suka ƙwace daga hannun masu riƙewa, labulen gaba ɗaya ya rufto ya lulluɓe su. Ƙatti suna ta mutsu-mutsu cikin raga kamar kifi. 'Yan Wirralee wasu har kwanciya suka yi a ciyawa don dariya. Wani sakarai kuma ya ci gaba da danna hon.

Da almakashin aljihuna na dinga yanka ina zaro su ɗaya-ɗaya. Declan ya fito yana tsalle da ƙafa guda, idon sawunsa ya fara kumbura tun ina kallo. Kawu Gav ya ɗora hannu biyu a ka.

"Ko ƙwallo bai taɓa ba! Yaron nan ya ci mana rabin rago!"

Brenton ne na can ƙasa, fuskarsa fari fat. Mama ta ture ni ta durƙusa.

"Gwiwar ce? Brenton, gwiwar ce?"

"Kafaɗa," ya ce ta cikin haƙora.

"To mun gode Allah."

"Kin gode Allah? Mama, hannuna lilo yake!"

Muka kai shi ɗaki. Matar mai kanti nas ce, ita ta zo ta kama hannun ta mayar da kafaɗar wurinta. Ihun da ya yi har masu gasa sosej sun ji. Ta ce maza asibiti, yanzun nan. Shi kuwa da ya sami numfashi, sakataren kulob ya fara nema.

"Ya shiga? Na cika?"

Sakatare ya sosa ƙeya. Ya ce doka dai sai an busa jiniya, alƙali ya buga ƙwallo a ƙasa an fara wasa, mutum na tsaye cikin fili. Ratsa labule ba wasa ba ne, balle ma bai ratsa ba.

Brenton ya ce, "To shi ke nan. In na warke sai in dawo tsakiyar kaka. Kuma tunda Declan ya kwanta, ai sai in buga har ƙarshe. Ba zan bar yaran nan su kaɗai ba."

Na ga idon Kawu Gav ya ɗan yi haske. Mama ma ta gani.

"Tahlia, ɗaure shi."

"Mama, nas ta ce..."

"Na ji abin da ta ce, ni ba kurma ba ce. Ɗaure hannun a jikinsa ya daina motsi. Yau zai cika, yau zai gama. Ba zan sake yin wata kaka duk Asabar gabana na faɗuwa ba."

Nas ta ce ita ba ruwanta, mun haukace gaba ɗaya, gida guda. Gaskiya ta faɗa. Matar da ta shekara tana roƙon kada ya buga, yau ita ce ke tura shi fili da hannu ɗaya. Na naɗe hannun a ƙirjinsa, na zura masa riga a kai, ya fito kamar buta. Aka tsayar da shi can gaban sandunan golan da muke ci, inda Kawu Gav ya ce ba abin da zai same shi.

Wanda zai tsare shi kuwa Murray ne, ɗan Gwenda, wanda suka shekara da shekaru suna fasa wa juna baki. Mama ta tsallake shinge ta shiga fili da kanta, alƙali na busa mata usur tana yi kamar ba da ita yake ba.

"Murray, ni na dinga kai ka makaranta. Ka yi min amai a mota ban gaya wa kowa ba. Ka taɓa min ɗa ka gani."

"Gwaggo, ko inuwarsa ba zan taka ba."

Aka busa jiniya, alƙali ya buga ƙwallo a ƙasa. Ya cika. Na fara ɗaga hannu ina ihu a fito da shi. Kawu Gav ya ce haba, a bar shi ya ɗan jima mana, ko don mutunci, ai ƙwallon ma tana can ɗaya gefen. Nan kam bai yi ƙarya ba, Wirralee sai zura mana suke kamar ba mutane a gabansu. Brenton da Murray suna tsaye suna hirar farashin taki.

Sai wani ɗanmu ya samu ƙwallo ya narka ta sama, iska ta ɗauka, ta kawo ta har gefensu. Ta faɗo tana tsalle-tsallenta na rashin kunya, hagu, dama. Murray, Allah ya yi masa albarka, ya mayar da hannu baya ya ɗaga kai yana kallon gajimare. Yayana kuwa ya kwasa a guje. Hannu ɗaya, gwiwa kamar turmi.

"Brenton Kuchel, ka tsaya!" Muryar Mama ta fi jiniya.

Ina! Ƙwallo ta baude hagu, ya dasa ƙafar nan ta tiyata ya murɗa jikinsa duka a kanta. Na rufe ido. Na ji tim, na ji ƙwal. Da na buɗe, ƙwallo ta daki sanda, maki ɗaya tak maimakon shidan da ake samu in ta shiga tsakiya, amma gari sai danna hon yake kamar mun ɗauki kofi. Shi kuma yana tsaye. A kan ƙafa biyu, yana washe baki.

Ban jira koci ba. Na shiga na kama bakin bandejin na jawo shi kamar akuya. Samari suka zo za su ɗaga shi a kafaɗa, nas ta ce duk wanda ya taɓa shi sai ta mare shi, sai suka tsaya suna tafi, har da 'yan Wirralee. Mama ba ta tafa ba. Tana riƙe da shinge da hannu biyu, leɓenta na rawa, da na kalle ta ta ce meye, ban taɓa ganin mai jin sanyi ba?

Ita ta tuƙa mu asibiti. Brenton a gaba, ni da Declan a baya, ƙafarsa a kan cinyata cikin ledar ƙanƙara. Mun yi nisa tsakanin gonaki. Can Mama ta ce, "Ragar ce ta yi yawa."

Wannan ita ce ban-haƙurinta. Duka ke nan.

"Da salatif kaɗai na bari..."

"Mama!"

Brenton ya gyara zama, ya miƙe ƙafa, ya lanƙwasa, ya sake miƙewa. "Kun san wani abu? Gwiwar nan ko gezau. Garau na ji ta, kamar sabuwa. Kafaɗa kuwa ai ba wani abu ba ce, 'yan makonni ne. In Kawu Gav ya matsu sosai..."

Mama ta taka birki har Declan ya yi ƙara. Ta fita, ta zagayo, ta buɗe ƙofar Brenton, ta durƙusa a bakin titi. Takalman ƙwallon na ƙafarsa har lokacin, don ba zai iya kwancewa da hannu ɗaya ba. Ta kwance igiyar a hankali, yadda take yi masa yana yaro, ta zare ɗaya, ta zare ɗaya. Ta ƙulle su tare, ta wulwula, ta cilla. Suka tsallake shinge suka faɗa tsakiyar tafkin shanun wani, fantsam.

Ta dawo ta zauna, hannu a sitiyari, ba ta tada mota ba. Tana jira.

Brenton ya daɗe yana kallon tafkin. Ya kalli safarsa, babban yatsa ya leƙo ta huda. Ya kalli Mama.

"Da ma na hagun yana matse ni," ya ce.

Mama ta tada mota. Declan ya tambaya ko akwai wata ledar, ƙanƙarar ta narke tana jiƙa mu. Ba wanda ya kula shi.